Malam-buɗe-littafin Tumfafiya da Matsayinsa a Rabe-raben Ƙwari

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna bambancin da ke tsakanin yadda Bahaushe ke laƙaba wa ƙwaro suna da yadda masana kimiyya ke yi. Za mu ɗauki misali ɗaya wanda duk mai bin hanyar Daura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, zai iya gani a kan tumfafiyar da ke gefen hanya.

Bahaushe ya dubi yadda wannan ƙwaro ke buɗe fukafukansa yana rufewa, sai ya kira shi malam-buɗe-littafi. Watau ɗabi'arsa ce ta jawo masa suna, kuma sunan ya haɗe kowane iri. Su kuwa masana, dangantaka suke bi. Sun sa shi cikin rukunin Lepidoptera, watau masu fukafukan da wani gari-gari ya lulluɓe. Daga nan sai dangin Nymphalidae, waɗanda ƙafafunsu biyu na gaba suka tsumbure, har ya zama da huɗu suke tsayawa. Sunansa na kansa shi ne Danaus chrysippus. Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya fara bayyana shi a 1758.

Launinsa ruwan goro ne, bakin fukafukansa baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, mai suna alcippus, fukafukansa na baya farare ne. Macen tana yin ƙwai a ganyen tumfafiya, tsutsar ta ci ganyen, ta tara dafin da ke cikin ruwansa, dafin kuma ya bi ta har ta zama mai fukafukai. Saboda haka tsuntsun da ya taɓa cin sa ba ya son sake kusantarsa.

A nan ne amfanin rabe-raben yake bayyana. Akwai wani iri daban, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta ɗauki kamannin wannan sak don tsuntsaye su ƙyale ta. Mai bin kama kaɗai zai ce abu ɗaya ne.

Don haka ya kamata mu ɗaliban Hausa mu shiga ƙauyuka mu tambayi manoma da makiyaya sunayen da suke bambanta ƙwari da su, mu rubuta, kafin mu zauna ƙirƙirar sababbi.