Dajin Karura, Kurmi a Tsakiyar Birni

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Nairobi, babban birnin Kenya, kada ya dawo bai leƙa dajin Karura ba. Faɗinsa ya kai hekta 1,000, ga gidaje da tituna sun yi masa zobe. Tun 1932 hukuma ta keɓe shi, amma takarda ba ta tare mai kwaɗayi. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin Shugaba Moi, aka dinga yanka shi fuloti-fuloti ana raba wa masu hannu da shuni a ɓoye. Farfesa Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, da mutanenta suka ce ba za ta saɓu ba. A watan Janairun 1999 suka je dashen itatuwa, 'yan banga suka far musu har suka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, ala tilas aka bar gine-ginen da aka fara a fulotan.

An ƙwato dajin, amma gyara bai zo nan da nan ba. Ya daɗe yana maɓoyar 'yan fashi, ko da rana tsaka ba a shiga. Sai a 2009 maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, suka haɗa kai da hukumar gandun daji. Aka ja shingen lantarki, aka ɗauki matasan unguwannin talakawa na kusa aikin gadi. A ganina wannan ita ce babbar hikimar, domin wanda tukunyarsa ke tafasa albarkacin daji ba zai bari a sare shi ba. Ana cire itatuwan turare da Turawa suka kawo, ana mayar da na asali. Daga 2014 aka dawo da birai masu baƙi da fari, wato kolobas.

Malaman makaranta, ku lura da kyau. Akwai cibiyar koyar da yara kiyaye muhalli a cikin dajin. Akan kai su wurin renon itatuwa su ga yadda iri ke zama dashe, a nuna musu gada da mazo da tsuntsaye sama da iri 200, sannan a bi da su kogunan dutsen da ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki lokacin yaƙin neman 'yanci. Darasi ɗaya, ga kimiyya ga tarihi.

Mai ziyara ya riƙe kuɗin shiga. Ba a shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, ba a kauce wa hanya, kuma kada a ba birai abinci komai nacinsu.