Duwatsun Madina da Wutar Shekara ta 654

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Alhajin da ya ziyarci Madina zai ga duwatsu iri biyu. Na farko su ne tsaunuka masu ja-ja, irin Uhudu da ke arewacin birnin, mai tsawon kusan kilomita 7. Malaman ilmin ƙasa sun tabbatar cewa waɗannan suna cikin tsofaffin duwatsun Hijaz, waɗanda suka haura shekara miliyan 540. Na biyu kuwa baƙaƙe ne, masu kaifi da ramuka, shimfiɗe a ƙasa. Larabawa suna kiran irin wannan fili harra. Asalinsa narkakken dutse ne da ya ɓullo daga cikin ƙasa, ya malala, ya daskare.

Dalilin ɓullowarsa shi ne, kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar Larabawa ta fara rabuwa da Afirka, Bahar Maliya ta samu a tsakani. Ɓawon ƙasa ya tsattsage, wuta ta sami ƙofa.

Wanda ya san wannan zai fahimci Yaƙin Handak na shekara ta 5 bayan Hijira. Harrar Waƙim tana gabas da Madina, harrar Wabra tana yamma, kuma doki da raƙumi ba sa iya ratsa su da sauƙi. Saboda haka ta arewa kaɗai rundunar maƙiya za ta iya shigowa, can kuwa Musulmi suka haƙa gwalalo bisa shawarar Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi.

Kada mai karatu ya zaci wutar nan ta mutu. A watan Jimada Ahir na shekara ta 654, wato 1256 Miladiyya, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina kwanaki, sa'an nan ta tsage a kudu maso gabas da birnin. Wuta ta yi kwana 52 tana fita, narkakken dutse ya gangara kusan kilomita 23. Mutane suka taru a Masallacin Annabi suna tuba, har Allah Ya kuɓutar da birnin. Abu Shama da Ibnu Kasir sun rubuta labarin, kuma malamai sun ɗauke ta a kan wutar Hijaz da hadisi ya yi gargaɗin fitowarta. A 2009 ma, girgizar ƙasa a harrar Lunayyir ta sa aka kwashe dubban mutane daga garin Al-Is.

Aya ta 27 ta Suratu Faɗir ta jawo hankali ga saɓanin launin duwatsu, mai bi mata kuma ta haɗa sani da tsoron Allah. Don haka binciken duwatsu ba baƙon abu ba ne ga almajiri, yana cikin lura da aka umurce shi da ita.

Allah Shi ne Mafi sani.