Yoyon Iska a Injin Mota Mai Turbo da Yadda Ake Gano Shi a Gida

Da yawa daga cikin motocin da ake kaiwa gareji da ƙorafin cewa turbo ya mutu, idan makanikin da ya san aikinsa ya bincika, sai ya tarar turbon lafiyarsa ƙalau, abin da ya lalace bai wuce tiyon roba da ya tsage ko maɗaurin ƙarfe da ya saki ba. Wannan kuskure yana cin kuɗi ƙwarai, domin ana sayen wani turbon a ɗaura, motar ta ci gaba da ciwonta, alhali mai ita zai iya gano bakin zaren a ƙofar gidansa da ruwan sabulu da ɗan famfon iska.

Turbo na'ura ce mai fanka biyu a kan sanda guda, inda hayaƙin da injin ke fitarwa yake juya ta farko, ita kuma ta biyu take danna iska cikin injin don ya ƙona mai fiye da abin da girmansa zai ba shi dama. Sandar tana zagaye fiye da 100,000 a minti ɗaya idan an taka totur, kuma iskar da aka danna takan ɗauki zafi, shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wato wani abu mai kama da ƙaramin lagireto da ke sanyaya ta kafin ta isa injin. Tsakanin matatar iska da silinda akwai doguwar hanya mai mahaɗai da yawa, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce da yoyo zai iya samu, musamman a motocin da aka shigo da su bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka, waɗanda robarsu ta riga ta tsufa kafin zafin bazara ya ƙarasa busar da ita.

Yoyon iri biyu ne, kuma alamominsu kishiyoyin juna ne, wanda bai rarrabe su ba kuwa zai yi ta canza kaya a banza. Na farko shi ne yoyon shiga, wanda ke faruwa inda injin ke zuƙa, wato bayan murfin totur lokacin da mota ke silo. A yawancin motoci akwai na'urar auna iska kusa da matata, kuma da lissafinta kwamfutar mota take ba da fetur, kusan kashi ɗaya na nauyin mai ga kashi 14.7 na iska. Iskar da ta kutso ta tsaga ba ta bi ta ma'auni ba, saboda haka man ya yi kaɗan, silo ya riƙa hawa da sauka, injin ya yi rawa ko ya mutu a danja, amma da zarar an hau titi an ba shi wuta sai ya zama kamar ba shi ba. Na biyu shi ne yoyon fita, wanda ke tsakanin turbo da injin, inda iskar da aka riga aka auna, aka kuma ware mata mai, take tserewa. A silo ba a ganin komai, domin babu matsi a wannan sashe, sai an taka sosai ko an kama hawa sannan a ji fito ko huci, motar ta yi nauyi, shan mai ya ƙaru, injin dizal kuma ya riƙa zubo baƙin hayaƙi. Illarsa ta ɓoye ita ce kwamfuta tana tilasta wa turbo ƙarin gudu don cike giɓin matsin da ke zubewa, ta haka tsagar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba takan kashe turbon da gaske idan aka daɗe ana sakaci.

Ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake sokawa a ƙasan sitiyari a haɗa ta da waya, tana rage lalube. Tsarin OBD-II da wannan na'ura ke aiki da shi ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, don haka lambobinsa ɗaya ne a kusan kowace mota: P0171 na nufin mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa, P0299 kuma matsin turbo bai kai yadda ake buƙata ba. Abin da ya fi lambobin amfani shi ne adadin man da kwamfuta ke ƙarawa don gyara lissafinta. Idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo, sannan ya sauko da aka ɗaga injin zuwa zagaye 2,500, yoyon shiga ne kusan babu shakka. Ya kamata a lura cewa P0299 ba ta ce turbo ya lalace ba, cewa kawai ta yi iska ba ta isa ba.

Bincike yana farawa da ido da hannu, injin a kashe kuma a sanyaye. Iskar turbo tana ɗauke da ɗan tururin baƙin mai, saboda haka duk mahaɗar da aka ga ta yi danshin mai, ƙura ta manne mata ta yi baƙi, to a nan iska ke fita. Ana matsa kowane tiyo ana lanƙwasa shi, domin tsaga takan ɓuya a ƙasa ko cikin lanƙwasa, kuma ba ta buɗe baki sai an danna. Sashen da ke tsakanin matata da bakin turbo ya cancanci kulawa ta musamman a lokacin hunturu, saboda ƙurar da ta shiga ta nan ba ta bi ta matata ba, kai tsaye take zuwa ta ci fikafikan fankar.

Gwajin da ya fi tabbas ga yoyon fita shi ne cika hanyar da iska alhali injin a kashe. Ana samun murfin bututun roba irin na masu aikin famfo wanda ya yi daidai da bakin tiyon da ke shiga turbo, a huda shi a dasa bawul ɗin taya irin na mai faci, a ɗaure da maɗauri, sannan a hura iska sannu a hankali. Matsin farko kada ya wuce 5 zuwa 10 a ma'aunin da ake auna taya da shi, wanda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar 30 da wani abu, kuma ko da an ƙara kada a zarce abin da turbon motar ke bayarwa. Kafin a fara dole ne a toshe ƙaramin tiyon da ke kwaso tururi daga cikin injin, a kuma cire murfin zuba baƙin mai, in ba haka ba iskar za ta cika cikin injin ta turo robobin da ke tare mai, a je neman gyara a jawo sabuwar ɓarna. Daga nan sai a fesa ruwan sabulu a kan mahaɗai, da gefen intakula inda roba ta haɗu da alminiyom, da bawul ɗin da ke mayar da iska idan an saki totur, wanda ledar cikinsa ta yi suna wajen yagewa a tsofaffin injunan 2.0 TFSI na Volkswagen da Audi. Babban rami kunne ke kama shi, ƙarami kuwa sai ya tara kumfa kamar ana wanki. Saukar allurar ma'auni a hankali ba laifi ba ne, domin wasu bawul-bawul na silinda a buɗe suke, iska na bi ta salansa, kuma juya injin kaɗan da hannu yakan rage hakan.

Yoyon shiga ana nemansa injin na silo. Ana ɗaukar guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a riƙa yawo da ɗayan a kan mahaɗai, nesa da bel da fanka, har a ji inda hucin ya yi kaifi. Ana kuma matse ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya da filaya, wanda duk aka matse silo ya daidaita, shi ne mai laifi ko abin da yake kaiwa gare shi. Idan murfin baƙin mai ya ƙi ɗaguwa saboda zuƙa, kuma fito ya tsaya da aka cire shi, ledar bawul ɗin tururin injin ce ta huje. Fesa fetur ko man wanke kafireto don a ji ko silo zai canza dabara ce da ta yaɗu a garejoji, tana kuma aiki, sai dai kusa da turbo mai zafi da wayoyin filogi gobara ba ta da nisa, don haka ba abin yi ba ne a gida.

Injin dizal ba ya samar da zuƙa mai ƙarfi da kansa, yana da famfo na musamman da ke ba burki zuƙa, a wasu motocin har da abin da ke sarrafa turbo. Siririn tiyo guda da ya tsage a wannan layi ya isa ya hana turbo aiki baki ɗaya, wani lokacin burki ma ya yi tauri. Bayan an canza abin da ya lalace, a goge mai daga bakin bututu kafin a mayar da tiyo don kada ya sulluɓe, a share lambobin, sannan a maimaita gwajin, domin babban rami yakan ɓoye ƙanana har sai an toshe shi.