Tukwanen Ban Chiang da Matsalar Danganta Su ga Al'ummar Tai

Gabatarwa

Ban Chiang ƙauye ne a lardin Udon Thani da ke arewa maso gabashin ƙasar Tailan. Ya yi suna ne bayan shekarar 1966, lokacin da wani ɗalibi Ba'amurke, Stephen Young, ya yi tuntuɓe da saiwar rimi, ya tarar da bakunan tsofaffin tukwane sun leƙo daga ƙasa. A 1974 da 1975 Chester Gorman da Pisit Charoenwongsa suka jagoranci tonon wurin, a 1992 kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya. Wannan maƙala ta dubi fasahar ginin tukwanen da asalin maginansu.

Fasahar Gini

Da hannu aka gina tukwanen. Magini yakan tokare cikin tukunya da dunƙulen yumɓu ko dutse, yana bugun bayanta da faffaɗan katako har jikinta ya daidaita. Sau da yawa akan cuɗa yumɓun da ƙaiƙayin shinkafa don kada tukunya ta tsage a wuta, wanda hakan shaida ce ta noman shinkafa a wurin.

Masana sun kasa tukwanen zuwa zamani uku. Na farko baƙaƙe ne masu tambarin igiya da zanen tsaga. Na tsakiya farare ne masu kaifin kafaɗa, waɗanda akan farfasa a kan gawa lokacin binnewa. Na ƙarshe, daga wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa 200 bayanta, su ne masu jan zane mai murɗe-murɗe da aka fi sani a yau.

Su Wane ne Maginan?

Kiran tukwanen da sunan “na Tai” yana buƙatar taka-tsantsan. Masu magana da harsunan Tai sun bazu a yankin ne ƙarnoni da dama bayan shuɗewar maginan, kuma mazauna ƙauyen na yanzu, wato Tai Phuan, kakanninsu daga ƙasar Lawos suka yi ƙaura. Maginan ba su bar rubutu ba, balle a ji harshensu.

Kammalawa

Tukunya tana bayyana fasaha da abinci da al'adar binne mamaci, amma ba ta faɗin harshen wanda ya gina ta. Wajibi ne manazarci ya bambance ƙasar da aka tono abu da al'ummar da ta ƙirƙire shi.