Kakar Tamaula a Ƙasar Ƙanƙara

A can arewa mai nisa, cikin Tekun Atlantika, akwai wani tsibiri da a ke kira Aisilan, watau ƙasar ƙanƙara. In kun duba taswirar duniya za ku gan shi arewa maso yamma da Ingila, ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 103,000, ya fi Jihar Neja, wadda ita ce ta fi kowace jiha faɗi a Nijeriya. Amma fa tsakiyarsa duk duwatsu ne da ƙanƙara da yashi, ba mai iya zama a can. Mutanen ƙasar sun yi garuruwansu a bakin teku, yawancinsu kuwa a babban birni, Reykjavik, da kewayensa. A shekarar 2018 dukansu ba su wuce wajen 350,000 ba. Mutanen birnin Kano kaɗai sun ninka su sau da yawa.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a wannan ƙasa shi ne sha'anin rana. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Reykjavik sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Yara su kan tafi makaranta cikin duhu. Ga iska mai ƙarfi, ga ruwa, ga dusar ƙanƙara. A watan Yuni kuwa sai al'amari ya juye. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tsakar dare, kafin ƙarfe uku ta sake ɓullowa, tsakanin nan ma gari ba ya yin duhu sosai.

To, mutanen Aisilan suna son ƙwallon ƙafa, wanda mu ke kira tamaula, kamar yadda mutanen ko'ina su ke sonsa. Sai dai ba su da ikon yinsa a fili duk lokacin da suka ga dama. A Ingila da Faransa da Jamus a kan fara gasar ƙungiyoyi a watan Agusta, a ratsa cikin sanyi, a gama a watan Mayu. A Aisilan haka ba ta yiwuwa, domin da hunturu ciyawa ba ta tsirowa, ƙasa kuma ta kan daskare ta yi tauri kamar dutse. Saboda haka sai su jira har sanyi ya fara sauƙi. Halinsu ya yi kama da na manomi, wanda ya san damina kwanaki ne ƙididdigaggu, in ya yi sakaci ta wuce shi sai baɗi. Kalmar nan ma ta kaka, da masu tamaula ke faɗa in sun ce kakar wasa, a wurin manoma suka aro ta.

Gasar ƙasar tsohuwa ce. An fara ta a shekarar 1912 da ƙungiyoyi uku kawai, wata ƙungiya ta Reykjavik da a ke kira KR ita ce ta ci. A kakar 2018, wadda za mu ba da labarinta, ƙungiyoyi 12 ne a rukunin farko. An fara wasa ran 27 ga Afrilu, aka gama ran 29 ga Satumba, wata biyar ke nan da 'yan kwanaki.

Ga yadda tsarin ya ke a kakar 2018. Kowace ƙungiya za ta kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a filinta, sau ɗaya a filin abokiyar karawa. Tun da kowace tana da abokan karawa 11, wasanta 22 ke nan. Wadda ta ci wasa a kan ba ta maki 3. In an yi kunnen doki kowace ta sami maki 1. Wadda aka cinye kuwa ba ta da kome. A ƙarshe wadda ta fi tara maki ita ce zakara. Biyun da suka zo ƙarshe a kan sauke su zuwa rukuni na biyu, a hau da waɗansu biyu daga can su maye gurbinsu. Wannan saukewa ita ce abin tsoron kowace ƙungiya, gama 'yan kallo su kan ragu, kuɗi su ragu, gwanayen 'yan wasa kuma su nemi wani wuri.

Cikin ƙungiyoyin nan 12, takwas daga Reykjavik su ke da garuruwan da ke manne da ita. Waɗannan in za su je wa juna wasa, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Sauran huɗun su ne na nesa. Keflavik da Grindavik suna kudu maso yamma, ba su da nisa ƙwarai. KA tana Akureyri, can arewa, tafiyar kusan kilomita 400. Amma wadda ta fi shan wahala ita ce IBV, domin garinta yana kan wani ɗan tsibiri ne dabam, mai suna Heimaey, a kudancin ƙasar. Duk wanda zai je can wasa sai ya shiga jirgin ruwa ko na sama, su ma haka in za su fito. In teku ta kwanta, ƙetarewar ba ta kai awa guda ba. In kuwa ta yi fushi, sai jirgin ya nufi wata tasha mai nisa, a yi wajen awa uku bisa ruwa. Mutumin da ya sha jijjigar igiyar ruwa awa uku, sa'an nan a ce ya shiga fili ya yi gudu minti 90, ai ya cancanci a yaba masa ko da bai ci ba.

Mutanen Heimaey dai sun saba da abin da ya fi wannan. A watan Janairu na 1973, da tsakar dare, ƙasa ta tsage a gefen garinsu, wuta ta yi ta ɓulɓulowa. A daren nan aka kwashe mutane wajen 5,000 cikin jiragen masunta. Gidaje da yawa sun ƙone, waɗansu toka ta binne su. Da wutar ta mutu bayan wata biyar, yawancin mutanen suka koma, suka share garinsu, suka ci gaba da kamun kifi da buga tamaula.

Kada ku zaci 'yan wasan wannan gasa attajirai ne irin waɗanda ku ke jin labarinsu a Ingila ko Sifen. Ana biyansu, amma 'yan kallo kaɗan ne, saboda haka kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Da yawa daga cikinsu suna da wata sana'a ko suna karatu, sai da yamma su taru su yi atisaye. Wanda ya gwanance ƙwarai kuwa, tun yana saurayi ƙungiyoyin ƙasashen waje su kan ɗauke shi. Duk da haka waɗannan ƙananan ƙungiyoyi su ne makarantar tamaula ta ƙasar. Kowace tana koyar da yaran unguwarta, maza da mata, tun suna ƙanana, malaman da ke koya musu kuwa sai da aka horar da su aka ba su takardar shaida. Daga shekarar 2000 kuma aka fara gina manyan zaurukan wasa masu rufi, da ciyawar roba a ciki, don yara su yi ta koyo ko da ana zuba ƙanƙara a waje. An gina na farko a yankin Keflavik.

Amfanin wannan tanadi ya bayyana a tsakiyar kakar 2018, sa'ad da aka yi gasar Kofin Duniya a Rasha. Aisilan ta sami shiga, alhali kuwa har zuwa lokacin nan ba a taɓa samun ƙasa mai ƙarancin mutane kamarta ta shiga ba. Mai horar da 'yan wasan, Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori ne, mutumin Heimaey. Yawancin waɗanda ya tafi da su a ƙasashen waje su ke wasa, amma akwai wani mai tsaron baya, Birkir Mar Saevarsson, wanda a gida ya ke, a ƙungiyar Valur ta Reykjavik. Ban da tamaula yana aiki a wani kamfanin gishiri, inda a ke ɗura shi a mazubi. Daga nan ya tashi ya tafi Rasha.

Ran 16 ga Yuni suka kara da Ajantina, ƙasar Lionel Messi, aka tashi 1 da 1. Wanda ya ci wa Aisilan, Alfred Finnbogason, a ƙungiyar Breidablik ya yi suna kafin ya fita waje. Aka ba Messi bugun daga kai sai mai tsaron gida, mai tsaron gidan ya kaɗe ƙwallon. Duniya ta yi ta mamaki. Bayan kwana shida, ran 22 ga wata, sai suka gamu da Nijeriya a birnin Volgograd. Har aka tafi hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Da aka dawo, Ahmed Musa, wanda ya taɓa yi wa Kano Pillars wasa, ya jefa musu ƙwallo biyu, aka tashi 2 da nema. Kuroshiya kuma ta cinye su a wasa na uku, suka komo gida. Birkir ya koma Valur, inda aiki ke jiransa, don kuwa gasar gida ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Valur tsohuwar ƙungiya ce, an kafa ta a 1911, sunanta kuwa sunan wani irin shaho ne. Ita ce ta ci gasar 2017, saboda haka kowa so ya ke ya kā da ita. Biyu ne suka fi matsa mata, Breidablik da Stjarnan, watau tauraruwa. Dukansu biyu daga garuruwan da ke maƙwabtaka da Reykjavik su ke. Ban da wannan, tun da Valur ce zakarar bara, ita ce ta wakilci ƙasar a gasar zakarun Turai. A watan Yuli ta kara da Rosenborg ta ƙasar Nowe, ta ci 1 da nema a gida, amma da aka je can aka cinye ta 3 da 1.

Da Satumba ta kama, yini ya fara gajarta, iska ta fara sanyi. A tsakiyar watan aka yi wasan ƙarshe na wata gasa dabam, ta cin kofin ƙasa, irin wadda in an cinye ƙungiya sau ɗaya ta fita ke nan. Stjarnan da Breidablik ne suka kai ƙarshe. Ba wadda ta ci har lokaci ya ƙare, sai da aka yi bugun daga kai sai mai tsaron gida, Stjarnan ta ɗauki kofin, karo na farko a tarihinta.

Babbar gasar kuwa ba a san zakara ba sai a ranar ƙarshe. Da gari ya waye ran 29 ga Satumba, Valur na da maki 43, Breidablik 41, Stjarnan 40, kowace tana sa rai. Valur ta karɓi baƙuncin Keflavik, ta cinye ta 4 da 1. Breidablik ma ta ci nata wasan, amma bai amfane ta ba. Valur ta gama da maki 46, Breidablik da 44, Stjarnan da aka cinye a ranar ta tsaya a 40. Wannan shi ne karo na 22 da Valur ta zama zakarar Aisilan. Wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a kakar ma nata ne, Patrick Pedersen, mutumin Danmak, ya ci 17.

Akwai abin lura a cikin wannan lissafi. Valur ta ci wasa 13, Breidablik ma 13 ta ci, ba wadda ta fi wata. Bambancin yana cikin sauran wasanni tara. Valur ta yi kunnen doki 7, aka cinye ta sau 2. Breidablik ta yi kunnen doki 5, aka cinye ta sau 4. 'Yan kallo su kan raina kunnen doki, su koma gida suna gunaguni, amma ga shi maki biyun da suka raba zakara da mai bi mata daga nan suka fito. Breidablik kuwa abin tausayi ce a shekarar nan, ta zo ta biyu a gasa, ta zo ta biyu a kofi, ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

A ƙasan jerin kuma labarin ya fi wannan ɗaci. Keflavik ba ƙaramar ƙungiya ba ce a tarihi, ta taɓa zama zakara sau huɗu tsakanin 1964 da 1973. Ta hawo daga rukuni na biyu a ƙarshen 2017. Amma cikin wasa 22 ba ta ci ko ɗaya ba. Ta yi kunnen doki 4, aka cinye ta sau 18, makinta 4 tak. Tun ana sauran wasanni ta san an sauke ta, duk da haka 'yan wasanta ba su fasa fitowa ba, har a ranar ƙarshe sai da suka jefa wa zakara ƙwallo guda. Aka sauke ta tare da Fjolnir, IA ta garin Akranes da HK suka hau. Keflavik ta yi kaka biyu a rukuni na biyu kafin ta komo a 2021.

Da aka sake buɗe filaye a 2019, Valur ba ta iya riƙe matsayinta ba. KR ce ta ci, ita dai wadda ta ci gasar farko a 1912. Daga 2022 kuma an canja tsarin. Bayan wasa 22 a kan raba ƙungiyoyin gida biyu, shida na sama da shida na ƙasa, kowace ta ƙara wasa biyar da 'yan gidanta. Wannan ya sa kakar ta ƙara tsawo har cikin Oktoba, lokacin da dole a kunna fitilu in wasa ya kai yamma.

Tambayoyi

1. Don me ba a yin gasar tamaula a Aisilan da hunturu?
2. In ƙungiyoyi 12 ne, kowace ta yi wasa 22, wasa nawa aka yi duka a kakar? Ku tuna kowane wasa na ƙungiya biyu ne.
3. Da a ce Breidablik ta yi kunnen doki a wasanni uku daga cikin huɗun da aka cinye ta, maki nawa za ta samu?
4. Wace wahala ce 'yan wasan IBV ke sha wadda sauran ba su sha?