A Kan "Borrow" da "Lend"

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa wata makaranta a wajen Makera, ƙasar Dutsin-Ma, ba mu yi kwana uku ba sai da muka ji yaro ya ce wa ɗan'uwansa, "Borrow me your pen." Muka gyara masa. Da aka tashi tara, sai ga wani daga cikinmu ya faɗi wannan magana daidai, yana neman alli wurin abokin aikinsa. Ashe ba yara kaɗai ke da ciwon ba.

Asalin rikicin daga Hausa yake. Mu kalma ɗaya gare mu, mukan ɗan juya ta kawai. Mukan ce, "Na ari fartanya wurin Tanko," mu kuma ce, "Na ara wa Tanko fartanya." Inda muke tsananta bambanci shi ne irin abin da aka karɓa. In shi kansa za a mayar, kamar fartanya ko jaki, aro ke nan. In kuwa za a ci ne ko a kashe, kana a biya da kamarsa, kamar kuɗi ko damin gero da bazara, wannan rance ne. Bature bai kula da wannan ba ko kaɗan. Jaki da gero duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da yake dubawa shi ne inda kayan suka nufa: in suna zuwa hannunka, "borrow", in suna fita daga hannunka, "lend".

Saboda haka kowace tana da abokiyar tafiyarta. "Borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuwa da "to". Ana cewa, "I borrowed a hoe from Tanko," ko "Tanko lent a hoe to me." Ana iya ya da "to" a gabatar da mutum, a ce, "Tanko lent me a hoe." Amma "borrow" ba ta yarda da haka ba, ba a sa mutum nan bayanta sai in shi ɗin aka aro. Mai son alƙalami sai ya ce, "Lend me your pen," ko kuwa, in yana son ladabi, "May I borrow your pen?" A lura kuma, shuɗaɗɗen "lend" shi ne "lent", babu "lended".

Kada wani ya ce ai an gane nufinsa. A baki, yana miƙa hannu, i, an gane. A takarda fa? Mu ɗauka wani falke a Kurfi ya sa aka rubuta masa, "I borrowed Audu 20,000 naira." Shi nufinsa ya ranta wa Audu. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, mai karantawa zai ga "I borrowed", ya zaci falken ne ya ci bashi. Masana sun ce ma tushen "borrow" a tsohon Ingilishi kalma ce mai ma'anar jingina ko lamuni, watau tun asali maganar wanda nauyi ke kansa ce.

Abin da aka biya kuɗi kafin a mora, kamar keke ko ɗaki, haya ce, "hire" ko "rent".

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen Turancin baka, har irin su Abubakar Tafawa Balewa suka fito daga cikinta. Horo ne ya kai su, ba wani asiri ba. Mu dabarar da muka gwada ƙarama ce. Muka tsai da yara biyu gaban aji da littafi ɗaya. Mai miƙawa ya ce, "I am lending," mai karɓa ya ce, "I am borrowing," sa'an nan su musanya. Muka kuma tuna musu da darasin ɗebewa, inda sukan ce "borrow one" in sun aro ɗaya daga gidan goma, don nan ba su taɓa kuskure ba. Ran Jumma'a yaron nan na farko ya zo ya ce, "Please, sir, lend me the chalk." Muka ara masa, har yanzu bai komo da shi ba.