Darasi: Baƙon da Ya Sauka a Garinmu

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, 33-34, Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Rut sura 2

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu da ke Dalijan da ƙauyukan Gwandu da Kalgo mun saba ganin baƙi. Da an gama kaka, 'yan cin rani daga Nijar sukan shigo ta Kamba da Kangiwa neman aiki a fadamun shinkafa da gonakin albasa. A farin 1973 da na 1984, da yunwar Nijar ta 2005, har mata da yara suka ƙetaro. Yanzu kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka kora daga Zamfara da Danko-Wasagu. Tun harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a 2024, mutane da yawa sun ƙara jin tsoron baƙuwar fuska. To, yaya ikilisiya za ta yi?

Abin da Nassi ya koya mana

Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo, su ci da guminsu, mutuncinsu a tsare. Rut baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya rasu. Da Bo'aza ya gan ta a gonarsa, ya fara tambaya ko ita wace ce. Da ya sani, sai ya ba ta ruwa da abinci, ya hana samarinsa su dame ta. Wannan baƙuwa ita ce ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda.

Abin da za mu iya yi

1. Mu san baƙo. Dattawa biyu su zauna da shi, su ji inda ya fito, su raka shi wurin mai unguwa. Da haka hankalin gari zai kwanta, shi ma ba za a yi masa ƙazafi ba.

2. Mu buɗe rumbun baƙi. Ranar godiyar kaka, kowane gida ya ƙara tiya ɗaya ta gero ko dawa. A naɗa mutum biyu masu amana su riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

3. Mu biya lada daidai. Kuɗin da muke ba ɗan gari, shi za mu ba baƙo, a ranar da ya yi aikin.

4. Mai fili ya ba da aron ɗan yanki na damina ɗaya, a gaban shaidu, don gudun rigima.

5. Zumuntar Mata su ziyarci matan baƙi, su raka masu ciki awo, a kai yara rigakafi da makaranta.

Yawancin baƙinmu Musulmi ne. Kada mu sa shiga majami'a ya zama sharaɗin samun hatsi. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

a. Gidajen baƙi nawa ne a garinmu? Mun san sunayensu?
b. Wanda ba shi da gona, wace irin kala zai iya barin wa baƙo?
c. Wa zai kai ziyara ta farko kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a: Ya Uba, ka kawar mana da tsoro, ka ba mu hikima da buɗaɗɗen hannu. Cikin sunan Yesu, amin.